Abin da yara suka koyo a makaranta a watan Nuwamba, ya shigo gida kuwa?

Makarantar da ’yata take zuwa a nan Agege ta ware watan Nuwamba gaba ɗaya don wayar da kan ɗalibai a kan lafiya, suka kuma gayyace ni in yi wa ’yan aji biyar da shida magana a kan magunguna. Na san wasu iyayen sun yi ƙorafin kuɗin riga da na kwali, amma abin da aka koya wa yaran ya shafi kowane gida.

An fara da 12 ga wata, ranar yaƙi da ciwon limoniya ta duniya. An nuna wa yara yadda ake ƙirga numfashin ƙannensu a minti guda. Ke ma uwa ki riƙe wannan: jariri daga wata 2 zuwa shekara guda in numfashinsa ya kai 50 a minti, ko yaro daga shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, yana tari, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, asibiti za a kai shi a ranar.

Ranar 14 ta ciwon suga ce, ranar haihuwar Frederick Banting, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano insulin a 1921. Da yawa muna ɗauka ciwon manya ne, alhali yara ma suna yi. Yaron da ke yawan jin ƙishirwa, yana yawan fitsari, yana ramewa duk da yana cin abinci, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, a gwada jininsa kafin a kai ga duka ko gori.

Ni kuma nawa ya faɗo a makon 18 zuwa 24, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta keɓe don jan kunne a kan bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani. Na tambayi yaran wa aka taɓa ba shi kafso ja da yalo saboda gudawa ko mura. Hannaye suka tashi da yawa. Wata yarinya ta ce mamanta takan buɗe kafson ta zuba wa ƙaninta a koko. Tetracycline ke nan, ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, domin yana ɓata launin haƙora har abada.

Na bayyana musu cewa antibayotik bakteriya yake kashewa, mura kuwa da yawancin gudawar yara birus ne ke kawo su, maganin bai taɓa shi. Duk sanda aka sha shi ba bisa ƙa’ida ba, ƙwayoyin da suka tsira sukan hayayyafa, su gagari maganin. Ran da limoniya ta gaske ta zo, sai a ba yaro maganin da aka saba ya ƙi aiki, a koma allurai masu tsada da kwanciya a asibiti. Abin da gudawa ke bukata shi ne ruwan gishiri da suga na ORS, da zinc na kwana 10 zuwa 14. In akwai jini a kashin, ko yaro ya kasa sha, a ga likita.

Wani abu ya sosa min rai ranar 19, ranar ban-ɗaki ta duniya. Yara sun yi waƙar wanke hannu da kyau, amma da na leƙa wurin wankin hannun, babu sabulu, bokitin ma a bushe. Na faɗa wa shugabar makarantar, za mu kuma tayar da maganar a taron iyaye da malamai. Ku ma ku leƙa na makarantar ’ya’yanku, sannan ku duba na gida.

Ga roƙona. Yau da daddare ki tambayi ɗanki me aka koya musu, ki saurare shi ko da gyara zai yi miki. Maigida kuma, in an aike ka kemis, kada ka sayo antibayotik guda huɗu don a gwada. A nemi takardar likita, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar maganin, a sha yadda aka rubuta, kuma kada a ajiye ragowar don wani yaron.

Allah Ya raya mana zuri’a cikin ƙoshin lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.