Martani Ga Masu Raina Kamfanin Hoosier

Zarge-zarge huɗu ake jifan kamfanin Hoosier na Amurka da su idan aka zo tarihin kayan kicin. Ga amsata ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, wai kwaikwayo ya yi. Gaskiya ne kafin a kafa shi a garin Albany na jihar Indiyana a 1898, akwai tebur mai durowa da ake kwaɓa burodi a kai. Amma a dubi kabad ɗin kicin da ya fitar. Daga sama ga mazubin fulawa da rariya a gindinsa, uwargida ta murɗa hannu fulawa ta zubo a tankaɗe. A gefe ga mazubin sukari da jerin kwalaben kayan ƙamshi. A tsakiya ga faifan aiki da ake jawowa waje, a ƙasa kuma ma'ajin tukwane. Tattara waɗannan inda hannu zai kai daga zaune, fasaha ce babba.

Na biyu, wai talla ce kawai ta ɗaga shi. Ya yi talla sosai a mujallun mata irin su Ladies' Home Journal, to amma talla ba ta riƙe mai saye idan kaya ba su da inganci. Gobara ta cinye masana'antarsa a 1900, ya koma garin New Castle ya sake tashi, zuwa 1920 ya sayar da kabad kusan miliyan 2. Har na abokan gasarsa irin su Sellers mutane Hoosier suke ce musu.

Na uku, wai ya jefa mata cikin bashi da tsarin biyan dala 1 a mako. A lokacin gidaje da yawa ba su da kabad a bangon kicin, mace wuni take tana safa da marwa tsakanin ɗakin ajiya da tebur da murhu. Biya kaɗan-kaɗan ne ya ba matar manomi da ta leburan masana'anta damar samun wannan sauƙi.

Na huɗu, wai da yana da amfani da bai durƙushe a 1942 ba. Kasuwarsa ta ja baya ne sa'ad da magina suka fara kafa kabad a bango tun wajen gini, wato tsarin da ya koya wa mutane ya zama dole a kowane sabon gida. Wanda ya yi wannan aiki ya cancanci a yi masa adalci.