Rigar Mayaƙan Baikin Da Gudumar Da Ke Wuyan Ɗalibina

   

A makon da ya wuce, ina zaune a zaure bayan sallar La'asar, sai ga wani dattijo daga cikin maƙwabtanmu a nan Dawakin Tofa ya shigo riƙe da hannun ɗansa, wanda ɗalibina ne a ajin hadda, shekarunsa 17. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙo mini waya, ya ce, "Malam, duba nan ka gaya mini gaskiya. Yaron nan yana cikin Musulunci, ko ya fita?"

Hoto ne na yaron da abokansa uku a bayan gari, cikin wata gona da aka riga aka yanke dawa. Suna sanye da rigunan sanyi na gwanjo masu gashi a wuya, kowa riƙe da garkuwar katako zagayayya da gatarin da aka sassaƙa da icce. Ɗaya ya ɗora hular kwano da ya liƙa wa ƙahonin sa guda biyu da ya samo a mahauta. Ɗalibin nawa kuwa ya aske gefen kansa ya bar tsakiya, sannan a wuyansa akwai sarƙa mai ɗauke da 'yar ƙaramar guduma ta ƙarfe. Da kuɗin dakon da ya yi a kasuwar Dawanau lokacin hutu ya sayi kayan. Da na tambaye shi ko su wane ne suke kwaikwayo, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Mayaƙan Baikin ne, Malam. A fim muka gani."

Na san fim ɗin da yake nufi. Shiri ne mai dogon zango mai suna Vikings, wanda aka fara nunawa a 2013 aka kammala a 2020, yana kuma yawo a wayoyin yaranmu kamar yadda shirin Ertugrul na Turkiyya ya yi yawo. A Turai wannan shiga sana'a ce da nishaɗi na manya masu hankali. Suna ɗinka tufafin ulu da lilin da hannu, su taru a fili, kowa ya ɗauki matsayin wani mutumin da, a yi yaƙin wasa da takubban da ba su da kaifi. A birnin Yok na Ingila ana yin bikin wannan duk shekara, haka ma a garin Wolin na ƙasar Polan. Yaranmu dai sun samu ɓurɓushin abin ne ta waya.

Amsar da na fara ba dattijon ita ce: "Baba, ɗanka Musulmi ne, kuma bai kamata kalmar kafirci ta yi wa bakinmu sauƙin fita haka ba." Na ga ya sauke ajiyar zuciya. Sai na ƙara da cewa, "Amma a cikin hoton nan akwai abu ɗaya da ba zai kwana a wuyansa ba." Bayanin waɗannan maganganu biyu ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin na lura mun kasu gida biyu a kan irin wannan lamari, kuma kowane gida ya riƙe rabin gaskiya ya yar da rabi.

Gida na farko su ne masu ɗauko hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ke nuna cewa mai kamanta kansa da wasu mutane yana cikinsu, su ɗora shi a kan duk wata tufa da ba a garinsu aka saƙa ba. Hadisin gaskiya ne, kuma Ibnu Taimiyya ya rubuta littafi guda a kan wannan babi, wato Iƙtida'us Siraɗil Mustaƙim. Sai dai Annabin da ya faɗi wannan, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma Mugira ɗan Shu'uba ya ba da labarin ya gan shi a tafiyar Tabuka sanye da jabba mai matsattsun hannuwa, ɗinkin ƙasar Sham da ke hannun Rumawa a lokacin, har sai da ya fito da hannayensa ta ƙarƙashinta kafin ya yi alwala. Ba Musulmi ne suka ɗinka ta ba. Ashe kenan abin da aka hana shi ne abin da ya keɓanta da addinin wasu mutane, ko wanda ya zama tambarinsu da ake gane su da shi. Rigar da ke tare sanyi da garkuwar da ke tare mashi kayan 'yan Adam ne duka.

Wasan yaƙi kuwa, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa mutanen Habasha sun yi wasa da masu a cikin masallaci ranar idi, Nana A'isha tana kallo daga bayan Manzon Allah har sai da ta gaji don kanta. To mu da ke ƙasar Kano ma ai ba mu da bakin cewa shigar mayaƙan da baƙuwa ce a wurinmu. Mene ne 'yan lifida da 'yan sulke da 'yan kwalkwali a hawan sallah, in ban da mutanen wannan zamani da suka sa tufafin yaƙin da aka daina yi? Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Yau babu mai zuwa fagen daga da rigar auduga, amma ana ɗinka ta, ana ɗaura wa doki, ana hawa, har hukumar UNESCO ta sanya hawan na Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Da mahaifin yaron nan ya gan shi cikin lifidi a ayarin hakimi, da hoton ya sa a bango.

Yanzu bari in juya ga gida na biyu, waɗanda su ne suka fi yawa a cikinku, masu cewa ai wasa ne kawai, malamai sun cika tsanani. Ya ɗan uwa, ka san wanda kake wasa da kamanninsa?

Mutanen Baikin mazauna ƙasashen Norwe da Suwidin da Danmak ne, kuma masu tarihi na ƙirga zamaninsu daga 793 zuwa 1066. 'Yan kasuwa ne, manoma ne, matuƙa jiragen ruwa ne da babu kamarsu a zamaninsu, kuma mahara ne masu kama bayi. Abin da yaranmu ba su sani ba shi ne, Musulmi sun san su gaba da gaba, ta fatauci da kuma ta takobi. A 844 jiragensu suka shigo ta kogi suka afka wa birnin Ishbiliya na Andalus, suka kashe, suka kwashe mata da yara, sai da sarki Abdurrahman na Biyu ya turo runduna daga Ƙurɗuba kafin aka fatattake su. Marubutan Andalus suna kiransu Majusawa. Ta gabas kuwa ciniki ne ya fi haɗa su da mu. A 1999 an haƙo wata taska a tsibirin Gotlan na Suwidin mai ɗauke da tsabar kuɗi kusan 14,000, mafi yawansu dirhamin daulolin Musulunci ne masu rubutun Larabci.

Mafi kyawun bayanin da duniya ta mallaka a kansu daga wanda ya gani da ido, malami Musulmi ne ya rubuta shi. Ahmad ɗan Fadlan ya tashi daga Bagadaza a 921 cikin tawagar da halifa Muƙtadir ya aika, ya isa bakin kogin Bolga a 922, inda ya tarar da fataken da ake kira Rus, waɗanda masana da yawa ke ganin asalinsu daga can arewa ne. Ya yaba tsayinsu da kyawun ƙirarsu, ya yi tir da ƙazantarsu. Ya ga ɗan kasuwarsu yana zuwa gaban wani dogon icce da aka sassaƙa wa fuska, ya ajiye masa abinci, ya roƙe shi mai saye. Ya kuma halarci jana'izar wani shugabansu, inda aka kashe kuyanga aka ƙona ta tare da gawar a cikin jirgin ruwa. Na karanta wannan wuri tun ina jami'a, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ɗan Fadlan ya tsaya ya kalla, ya yi tambaya ta bakin tafinta, ya rubuta, ya koma gida da addininsa. Mu kuma jikokinsa a karatu mun ɗauki kamannin, ba mu ɗauki labarin ba.

Wani abin dariya ma, ƙahonin da abokin ɗalibina ya sha wahalar nema a mahauta, mayaƙan Baikin ba su sa su ba. Kwalkwalinsu da aka haƙo a Norwe a 1943 ba shi da ƙaho. Wani mai tsara tufafin wasan kwaikwayo a Jamus, Carl Emil Doepler, shi ne ya yaɗa wannan siffa a 1876 domin wasan waƙe na Richard Wagner. Wato yaron yana kwaikwayon ɗan wasan da ya kwaikwayi wani abu da bai taɓa faruwa ba.

Ita kuwa guduma gaskiya ce, kuma a nan maganar ta daina zama ta dariya. Alama ce ta Tor, abin bautarsu na tsawa da aradu. Sukan rataya ta a wuya domin neman tsari da nuna wanda suke bi, kuma an haƙo ɗaruruwan irinta a kaburbura da kufayi. Masana na ganin ta ƙara yawaita a daidai lokacin da Kiristanci ke shiga ƙasashensu, kamar martani ga gicciye. Ba ta mutu ba har yau: a ƙasar Aislan gwamnati ta amince da masu bin wannan tsohon addini tun 1973, kuma guduma ce suke ratayawa. Saboda haka wannan 'yar ƙarfen tana matsayin da gicciye yake ga Kirista. Yaron bai sani ba, kuma rashin saninsa uzuri ne a gare shi har zuwa yammacin da aka gaya masa. Daga nan uzurin ya ƙare.

Askin kuwa al'amarinsa ya fi sauƙi. Hadisin Ibnu Umar ya hana aske wani sashe na kai a bar wani, kuma malamai da yawa sun ɗauki hanin a matsayin karhanci. Na ce masa ya je ya daidaita. Na kuma tuna wa mahaifinsa, cikin raha, cewa 'yan zamaninsu ma da zanko da tukku suka tashi, babu wanda ya kallo shi a fim.

Sai dai adalci ya tilasta mini in faɗi wata magana da ba ta yi wa dattijon daɗi ba. Ma'aunin da na auna guduma da shi, shi ne dai zan auna namu da shi. A cikin masu rakiyar hawa akwai 'yan tauri da mafarauta da ke rataye da layu da guraye da kambuna, waɗanda sau da yawa mai su bai san abin da aka ɗinke a ciki ba, amma ya yi imani su ne ke hana ƙarfe kama shi. Malamai sun yi saɓani a kan layar da ayar Alƙur'ani ce zalla a cikinta. Wadda ba a san cikinta ba, ko wadda aka haɗa da sunayen iskoki, ba ta cikin wannan saɓani. Kasancewar abu na kakanninmu bai tsarkake shi ba, kamar yadda kasancewar riga ta Turawan arewa bai haramta ta ba. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ai ni ma akwai wani guru na mahaifina a cikin adaka." Na ce masa wannan kuma zama ne na wata rana.

Yaron ya cire sarƙar da hannunsa a gabanmu, ya ajiye a kan tabarma. Ya tambaye ni ko rigar ma zai ƙona. Na ce masa hunturu bai wuce ba, kuma kuɗin dakonsa ne, ya ci gaba da sa abarsa. Sharaɗin da na gindaya masa guda ne: shi da abokan nasa uku za su zo ranar Alhamis, da ba mu da karatu, mu karanta tafiyar ɗan Fadlan tare, ina fassara musu. Idan an yi hutun zango kuma zan nemi izinin iyayensu mu shiga birni, mu je Gidan Makama, su ga kayan yaƙin Kano da idonsu. Wanda ya liƙa ƙaho ya aiko tambayar ko zai iya zuwa da garkuwarsa. Na ce ya zo da ita, amma ya bar ƙahonin a gida.