Runrig: makaɗan da suka cika fili alhali harshensu na ƙarewa a gida

A ranakun 17 da 18 ga watan Agusta na 2018, mutane fiye da dubu 50 suka taru a wani fili da ke ƙarƙashin tsohuwar fadar garin Stirling, cikin ƙasar Sikotlan a arewacin Birtaniya, domin yin bankwana da ƙungiyar makaɗa mai suna Runrig, wadda ta jingine kayan kiɗanta bayan shekara 45. Mai karatu ya riƙe wannan adadi da kyau, domin kuwa ƙidayar jama'a ta 2011 ta nuna cewa duk masu iya magana da Galik, wato harshen da waɗannan makaɗa suka yi suna da shi, ba su wuce dubu 57 da ƴan kai ba. Taron bankwanar ƙungiya ɗaya ke nan ya kusa kai yawan masu harshen baki ɗaya, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi ta amshi a daren nan ba su iya ko cinikin burodi da shi ba.

Masu yabon Runrig suna cewa ita ce ta ceci Galik daga mutuwa. Mu a ganinmu maganar ta yi yawa. Abin da ta yi babba ne, ta wanke wa harshen kunyar da aka shafa masa shekara ɗari, amma ceton harshe aiki ne da ya fi ƙarfin ganga da gita, kuma tarihin ƙungiyar kansa shi ne shaida.

Galik harshen mutanen tsaunukan arewa ne da tsibiran yammacin Sikotlan. Daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, manyan masu ƙasa suka ga tumaki sun fi talakawa kawo riba, sai suka dinga korar manoma daga gonakin kakanninsu, wasu aka tura su bakin teku inda ƙasa ba ta da albarka, wasu aka loda su cikin jiragen ruwa zuwa Kanada da Ostiraliya. Waɗanda suka saura kuma makaranta ta ƙarasa su. Dokar ilimi ta 1872, wadda ta tilasta sa yara makaranta, ba ta ko ambaci Galik ba, kuma a wasu wurare yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa akan rataya masa sanda a wuya, ya neme wani ya rataya masa, wanda ta kwana a wuyansa ya sha bulala. Duk wanda ya yi lakwal a ƙasar nan zamanin da ake rataya wa yara sambol ba ya bukatar a yi masa bayani. A 1891 masu jin Galik sun haura dubu 250. A 1971 sun koma ƙasa da dubu 90.

Cikin wannan hali ne, a 1973, wasu ƴan uwa biyu, Rory da Calum Macdonald, waɗanda asalinsu daga tsibirin Uist ta Arewa ne amma suka girma a tsibirin Skye, suka haɗu da abokinsu Blair Douglas mai akodiyon suka kafa ƙungiyar kiɗan rawa. Sunan da suka zaɓa ma magana ce, domin runrig shi ne tsohon tsarin noma na yankin, inda ake yanka gonar ƙauye dogaye-dogaye sirara a rarraba wa magidanta, tsarin da masu tumaki suka rushe. Donnie Munro ya shigo a 1974, daga baya ya zama zabiyarsu. A 1978 suka fitar da faifansu na farko, Play Gaelic, dukkansa cikin Galik, kuma abin da ya bambanta shi da na magabata shi ne waƙoƙin sababbi ne, matasa ne suka tsara su a kan rayuwar matasa. Kafin nan waƙar Galik ta zama kayan tsofaffi da gasar shekara-shekara, ana rera ta a tsaye ƙiƙam kamar ana karatun jarrabawa. Su kuwa suka ɗora ta kan gitar lantarki da ganguna, Malcolm Jones kuma yakan haɗa da algaitar nan tasu mai salka. A 1979 suka kafa kamfanin faifai na kansu, Ridge, kuma faifansu na 1981, Recovery, ya bi tarihin korar manoma da tawayensu, abin da makaranta ba ta koya musu ba.

Wannan shi ne aikin da ba mai iya ƙwace musu. Saurayin da ya taso yana ɓoye harshensa idan ya shiga Gilasgo neman aiki ya wayi gari yana jin dubban mutane suna rera shi da ƙarfi. Wanda bai taɓa jin kunyar harshen gidansu a gaban akawu ba zai ga kamar abin wasa ne.

To amma fa ƴan kasuwa sun san cewa mai saye shi ke da iko kan abin da ake kasawa. Mutum dubu 80 da ke warwatse a faɗin Sikotlan ba za su ciyar da makaɗa shida da iyalansu ba. Tun daga faifai na biyu Ingilishi ya fara shigowa, kuma lokacin da suka ƙulla da babban kamfanin Chrysalis na Landan bayan faifan The Cutter and the Clan na 1987, akasarin waƙoƙinsu sun riga sun koma Ingilishi, Galik ya rage biyu ko uku a kowane faifai. Da haka ne kasuwa ta buɗe. The Big Wheel ya kai matsayi na 4 a jerin faifan da aka fi saye a Birtaniya a 1991, shekarar da dubun dubatar mutane suka halarci wasansu a bakin tafkin Loch Lomond, Amazing Things kuma ya kai na 2 a 1993. Suka samu masoya masu yawa a Jamus da Danmak. A 1995 waƙarsu An Ubhal as Àirde ta zama ta farko cikin Galik na Sikotlan da ta shiga sahun ashirin na farko a Birtaniya, kuma abin da ya kai ta can shi ne an yi amfani da ita a tallar giya ta talabijin. Waƙa ce mai nauyi, mai jigon ibada da tunawa da magabata, sai da ta zama kiɗan talla kafin Landan ta ji ta.

Ba mu ga laifinsu ba a kan wannan. Makaɗi ba waliyyi ba ne, yana biyan haya, kuma waƙa biyu cikin Galik a gaban mutum dubu 40 sun fi goma sha biyu a gaban mutum ɗari tasiri. Sai dai a faɗi gaskiya: har ƙungiyar da ta fi kowa kishin harshen, da Ingilishi ta ci abinci. Yaron tsibiri da ke kallonsu ya koyi darasi biyu a lokaci guda, cewa harshensa abin alfahari ne, da kuma cewa kuɗi na wajen ɗayan.

Daga nan sai siyasa, wadda ta shiga ƙungiyar ta ƙofa biyu. Donnie Munro ya bar waƙa a 1997 domin neman kujerar majalisar dokokin Landan ƙarƙashin jam'iyyar Leba, a mazaɓar da ta haɗa da tsibirinsa na Skye. Ya sha kaye a hannun Charles Kennedy na jam'iyyar Liberal Democrats. A 1999, da aka kafa majalisar Sikotlan ta kanta bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1997, ya sake tsayawa, ya sake faɗuwa, wannan karon a hannun John Farquhar Munro, wanda shi ma Galik ne harshensa. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna yi masa tafi sun nuna masa cewa tafi daban, ƙuri'a daban. Daga baya ya kama aiki a kwalejin Sabhal Mòr Ostaig ta Skye, inda ake karatu da Galik zalla, wadda ita ma a 1973 aka kafa ta, kuma muna ganin a can ya fi yi wa harshen amfani. Shi kuwa Pete Wishart, mai kaɗa musu fiyano, ya bi jam'iyyar SNP mai neman ɓallewar Sikotlan daga Birtaniya, ya ci zaɓe a 2001, kuma an yi ta sake zaɓensa har a 2024. Ƙungiya ɗaya ta ba jam'iyyu biyu masu gaba da juna ƴan takara, wanda ya fi murya ya faɗi, wanda ke zaune a baya ya ci.

Da Munro ya tafi, mutane da yawa sun ɗauka ƙungiyar ta mutu. Sai suka ɗauko Bruce Guthro daga tsibirin Cape Breton na Kanada, inda jikokin waɗanda aka kora suka zauna, ya riƙe musu waƙoƙin Ingilishi, Rory Macdonald ya riƙe na Galik, suka ƙara shekara ashirin. Guthro ya rasu a 2023.

A cikin waɗannan shekaru hukuma ma ta motsa, kuma ba za a ce kiɗan bai taimaka wajen motsa ta ba. A 1985 aka buɗe azuzuwan firamare na farko da ake koyarwa da Galik a Gilasgo da Inverness. A 2005 majalisar Sikotlan ta yi dokar harshen Galik, wadda ta ba hukumar Bòrd na Gàidhlig ikon tsara masa makoma. A 2008 aka buɗe tashar talabijin ta BBC Alba. A 2025 wata doka ta ba shi matsayin harshen hukuma. Matasan makaɗa irin su Mànran da Skipinnish sun bi sawun da Runrig ta fitar. In da waƙa da doka da talabijin suna raya harshe, da Galik ya warke tuni.

Ga abin da ƙidaya ta ce. A 1991, shekarar da Runrig ke kan ganiyarta, masu magana da Galik dubu 66 ne. A 2001 sun koma ƙasa da dubu 59. A 2022 adadin ya tashi zuwa kusan dubu 70, aka yi ta murna, alhali kuwa ƙarin ya fito ne galibi daga ƴan makaranta da masu koyo a birane. A Tsibiran Yamma, inda nan ne cibiyar harshen, inda ake masunta da kiwo da jana'iza da shi, masu magana da shi sun sauka daga kashi 52 cikin ɗari a 2011 zuwa kashi 45 a 2022, wato a karon farko sun zama marasa rinjaye a gidansu. Wani bincike da Jami'ar Tsaunuka da Tsibirai ta fitar a 2020, ƙarƙashin jagorancin Conchúr Ó Giollagáin, ya ƙiyasta cewa masu amfani da shi yau da kullum a tsibiran ba su wuce dubu 11 ba, akasarinsu sun haura shekara 50.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kuma ba na waƙa ba ne. Matashi ya gama makaranta babu aiki a tsibiri, sai ya tafi Gilasgo ko Inverness. In ma ya so zama, gida ya fi ƙarfinsa, domin masu kuɗi daga kudu sun saye gidajen suna hutawa a ciki wata biyu a shekara ko suna ba masu yawon buɗe ido haya. Wasu daga cikin masu sayen nan, abin takaici, waƙoƙin irin na Runrig ne suka sa musu son wurin. Ma'aikatan gwamnati da ke karanta mu sun san bambancin doka da kasafin kuɗi: sanya harshe a kan allon hanya da takardar ofis abu ne mai araha, gina wa matasa gidaje da kai ofisoshi tsibiri da gyara jiragen ruwan da ke haɗa su da babban yanki shi ne mai tsada, shi ne kuma ake ja wa ƙafa.

Wani zai ce ai masu koyon birni ma masu harshe ne, kuma haka ne, ba mu raina su ba. Wanda ya koyi Galik saboda ya ji waƙar Calum Macdonald ya yi abin kirki. Sai dai harshen da ake koya a aji da wanda uwa ke yi wa ɗanta faɗa da shi ba ɗaya ba ne, na biyun ne ke haifar da mawaƙa. Rory da Calum ba a aji suka same shi ba, a ɗakin uwarsu da bakin tsofaffin Uist suka tsince shi cikin shekarun 1950, lokacin da kusan kowa a tsibirin da shi yake kwana yake tashi. Idan ƙidaya mai zuwa ta fito, hukumomin Edinbara za su nuna wa duniya jimillar ƙasa baki ɗaya, mu kuwa kashi 45 ɗin nan na Tsibiran Yamma za mu duba mu ga ina ya nufa.