RA'AYINMU: Bayan Gidan Gwamnati Sai Ina?

A 2011 Alhaji Danjuma Goje ya sauka daga kujerar gwamnan Gombe, ya zarce Majalisar Dattawa. Magajinsa, Alhaji Ibrahim Hassan Dankwambo, ya sauka a 2019, shi ma ya bi sahu a 2023. Ba mu ce sun yi laifi ba, jama'a ne suka zaɓe su.

Amma a ganinmu ba a Abuja kaɗai dattijo ke da amfani ba. Dankwambo, tsohon Akanta Janar na Tarayya, yana da abin koya wa ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004. Manoman rani na Dadin Kowa ma suna son mai tsaya musu. 'Yan'uwa na Agege da Sabon Ibadan, in kun je gida Sallah, ku faɗa musu haka.