Waiwaye: Lissafin da Aka Tsallake a Southampton

A shekarar 1928, a birnin Kalkata na Indiya, C. V. Raman da ɗalibinsa K. S. Krishnan suka lura cewa idan haske ya ratsa ruwan sinadari, ɗan kaɗan daga cikinsa kan fito da wani launi dabam da wanda ya shiga da shi. Sauyin ya danganta da yadda ƙwayoyin sinadarin ke girgiza, don haka kowane sinadari da nasa tambarin, kamar zanen yatsa. Raman ya samu kyautar Nobel a 1930. Sai dai hasken ba shi da ƙarfi ko kaɗan: cikin ƙwayoyin haske miliyan goma da suka warwatsu, wajen guda ɗaya ce ke sauya launi. Don haka in guba 'yar mitsitsiya ce a ruwa, ba za a gan ta da wannan hasken ba.

A 1974, a Jami'ar Southampton ta Ingila, Martin Fleischmann da Patrick Hendra da James McQuillan suka sa fuskar wata azurfa ta yi kaushi, suka ɗora mata sinadarin firidin, suka haska mata leza. Tambarin ya fito ɓaro-ɓaro. Suka ce ai kaushin ne ya ƙara wa azurfar fili, ƙwayoyin sinadari suka samu wurin zama da yawa. Bayani ne mai shiga hankali, kuma ban ga laifinsu ba, don kusan kowa abin da zai fara zuwa masa ke nan.

Abin da ya fi burge ni ya faru ne a 1977. Richard Van Duyne da David Jeanmaire a Jami'ar Northwestern ta Amurka, da kuma Albrecht da Creighton a Jami'ar Kent, kowanne a nasa ɓangaren, suka zauna suka yi lissafi. Kaushi ba zai ƙara fili fiye da 'yan ninki ba, alhali hasken ya ƙaru ninki dubu ɗari zuwa miliyan. Ashe shekara uku abin mamaki na kwance a takarda, sauƙin bayanin farko ya lulluɓe shi.

Martin Moskovits ne ya nuna hanya a 1978: elektron da ke cikin 'yan ƙurajen azurfar suna kaɗawa tare da hasken leza, sai ƙarfinsa ya taru wuri guda. Ya fi taruwa a 'yar tsagar da ke tsakanin ƙwayoyi biyu na azurfa ko zinariya, mai faɗin nanomita ɗaya ko biyu. A 1997 Katrin Kneipp da abokan aikinta, da kuma Shuming Nie da Steven Emory, suka ga tambarin ƙwayar sinadari guda tak.

To, inda ƙarfin yake, nan matsalar take. Tsagar nan ta ɗan buɗe kaɗan, haske ya faɗi warwas, har farantai biyu masu ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyin, daga ɗakin gwaji ɗaya, su ba da sakamako daban-daban. Shi ya sa Van Duyne ya koma jera ƙwayoyin azurfa sahu-sahu bisa tsari. Bayan 2008, lokacin da madara mai melamin ta jikkata yara wajen 300,000 a ƙasar Sin, aka duƙufa neman farantin da zai gano melamin ɗin cikin mintuna. Ni kam idan aka kawo mini sabon faranti ana yabon ninkinsa, nakan tambaya ko an auna shi a kowane lungu, ko kuwa a inda ya fi haske kaɗai.