Jinin Da Aka Ɗiba Domin Bincike, Amana Ce

A wannan mako za mu taɓa wata magana wadda ta taso daga ɗakunan binciken likitoci, amma ƙarshenta za ta iske ɗan kasuwa a rumfarsa, da ma'aikaci a ofishinsa, watau maganar karanta ƙwayoyin gado na al'ummomin duniya.

Cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam Allah Maɗaukakin Sarki ya ajiye wani tsari mai kama da rubutu, haruffansa iri huɗu ne kacal, amma jerinsu ya kai wajen miliyan dubu uku. Daga uwa da uba ake gadonsa. An fara aikin karanta shi a 1990, Amurka da Ingila na kan gaba, aka ba da sanarwar kammalawa a 2003. Daga nan sai masana suka shiga gwada na mutane masu yawa da juna, don su gano inda cuta ke ɓuya. To, amma fa na wa ake karantawa? Lissafin da aka yi a 2016 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na mutanen da aka bincika 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kimanin kashi 3, alhali babu nahiyar da mutanenta suka kai na Afirka bambancin ƙwayoyin gado. A 2020 shirin H3Africa ya karanta na mutum 426 kaɗai daga ƙasashe 13, sai ga bambance-bambance fiye da miliyan uku waɗanda ba a taɓa rubutawa ba.

Wannan ba ƙaramar hasara ba ce gare mu, domin rigar da aka auna a jikin wani ba lalle ta zauna a namu ba. A 2010 aka gano cewa wani sauyi a ƙwayar da ake kira APOL1, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, yana ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci, amma wanda ya gaje shi ta uwa da uba ya fi kusa da ciwon ƙoda. Ga kuma amosanin jini, watau sikila: kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da ƙwayarsa. Saboda haka ba mu ga dalilin da Musulmi zai guje wa irin wannan bincike ba, tunda neman magani abu ne da shari'a ta yarda da shi, kuma taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1998 ya amince da shi muddin ba a keta mutuncin ɗan Adam ba.

Sai dai ɗari-ɗarin da jama'armu ke yi ba jahilci ba ne, kamar yadda waɗansu 'yan boko ke saurin cewa. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan cikin binciken da ya ƙunshi yara wajen 200, yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musa, sai a 2009 aka sasanta da Jihar Kano kan dala miliyan 75. A Amurka ma, ƙabilar Havasupai ta ba da jininta don a binciki ciwon sukari, daga baya ta ji an yi amfani da shi wajen binciken taɓin hankali da asalin kakanninta. A 2010 Jami'ar Jihar Arizona ta biya diyya, ta mayar musu da jininsu. Abin da aka karɓa domin wata bukata aka juya shi ga wata ba da izini ba, sunansa cin amana, ko da farar riga mai yinsa ya sa.

Akwai kuma maganar nasaba, wadda ta fi kowace nauyi. Wanda ya ba da jininsa ya ba da sirrin iyayensa da 'ya'yansa, waɗanda ba a tambaye su ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002, ta hana a yi amfani da gwajin ƙwayoyin gado don kore nasabar da aure ya tabbatar, ko a gabatar da shi a kan li'ani. Lalle ne masu ajiyar waɗannan bayanai su san haka.

Don haka idan aka zo unguwa ko ma'aikata neman jini, a tambaya da Hausa, a kuma amsa da Hausa: me za a bincika, a wace ƙasa za a ajiye, wa zai gani, kuma mutum na iya janyewa? A tambayi kuma wa zai ci moriya. Maganin sikila na gyaran ƙwayar gado da aka amince da shi a Ingila da Amurka a 2023, an yanka masa farashin dala miliyan biyu da dubu ɗari biyu a Amurka ga mutum ɗaya, alhali mafi yawan masu ciwon a Afirka ake haihuwarsu.