A Bar wa Iska Hanya

Yanzu a Dauran, wanda duk ya samu kuɗin gyaran gida sai ya rushe soron azara ya kafa kwano, ya bar taga kamar ramin ɓera. A ganina wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Soron ƙasa sanyi gare shi da bazara, ɗumi da hunturu. Ɗakin kwano kuwa tanda ne da rana. Da ɗari kuma a kulle ƙofa a kwana da kaskon garwashi, alhali iskarsa tana kisa.

Mu tuna annobar sanƙarau ta 2016 zuwa 2017 daga ƙasar Zurmi ta faro, kuma cunkoso a ɗaki marar iska yana yaɗa ta.

Iyayenmu, in kwanon za a sa, a yi silin, a buɗe tagogi biyu masu duban juna. Rigakafi ya fi magani.